Jinyar mai ciwon suga a gida: wani na riƙe da allura, wani na kawo dabino

Maman Rayyan (Shari'a Mansur, Makka):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutu. Surukata Inna ce a hannuna. Ta haura shekara saba'in, ciwon suga ya daɗe a jikinta, tun tana shan ƙwaya har likita ya mayar da ita kan allura safe da yamma, irin mai farin ruwan nan da ake murzawa a tafin hannu kafin a ɗiba. Ni ke yi mata allurar, ni ke awo, ni ke dafa mata nata daban.

'Ya'yanta maza duk suna garin nan. Ranar Juma'a kowa zai zo da ledarsa, wannan masub (burodi da ayaba da ake haɗawa da zuma da kirim), wannan kwalin dabino, wancan lemon kwalba. In na buɗe baki, a ce matar ɗa ta hana uwar miji cin abinci. Wata rana kuma sai na gama yi mata allura ta ture kwano ta ce bakinta ba daɗi. Shekaranjiya da asuba na shiga tashinta na tarar matashin kanta ya jiƙe sharkaf da gumi, ga mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) a kunne, hannunta na rawa, tana kallona tana kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu tun a Najeriya. Ƙanin maigidana ya ce iska ce, a yi mata ruƙiyya. Na ɗauko na'ura na auna suganta, 52. Na dama suga na ba ta, ta dawo hayyacinta. Yanzu kuma ga azumi na matsowa, ta ce ko za ta mutu sai ta yi. Wallahi na rasa ta ina zan kama.

Goggon Madina:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yar nan, Allah Ya ba ki lada, jinyar tsoho ba wasa ba. Amma ni ta wajena, ku sassauta mata. Matar da ta kai saba'in da ɗoriya, me ya rage? A bar ta ta ci dabinonta ta sha shayinta. Mu iyayenmu da fura da kunu suka tsufa, ba su san wata na'ura ba. Wannan takurawar ita ke sa tsofaffi baƙin ciki, baƙin cikin kuma ya fi sugan illa.

Ummu Ayman (ma'aikaciyar jinya, Jidda):
Maman Rayyan, kafin a shiga rigimar masub da dabino, wannan 52 ɗin ita ce abin da ya hana ni wuce saƙonki. Hawan suga a hankali yake ɓarna, cikin watanni da shekaru. Faɗuwarsa kuwa cikin dare ɗaya take iya tafiya da mutum, musamman tsoho. Duk abin da ya gaza 70 faɗuwa ce, hubuɗ kamar yadda muke cewa a nan, in kuma ya yi ƙasa da 54 ya shiga mataki mai haɗari.

Allurar da kika kwatanta gauraye ce, iri biyu a kwalba ɗaya: mai saurin aiki saboda abincin da za a ci, da mai jan lokaci. Ta yamma tana ci gaba da aiki har tsakar dare. In Inna ba ta ci abin kirki da daddare ba, maganin ya sami jini ba abin da zai ƙone, shi ne kika same ta haka da asuba. Ga kuma tsufa: ƙoda in ta yi rauni insulin yana daɗewa a jiki fiye da yadda yake yi a da, adadin da ya dace da ita shekarun baya sai ya zama ya yi mata yawa. Kada ki rage da kanki, amma kada ki jira ranar da aka rubuta muku a kati. Ki kai ta cikin makon nan da littafin awonki, ki ce a duba ƙoda da tarakumi, wato awon matsakaicin suga na wata uku. In kin rasa yadda za ki yi da dare, 937 layin ma'aikatar lafiya ne, akwai likitocin da ke amsawa.

Abin da kika yi daidai ne. Ga ƙa'idar don sauran 'yan gida su sani: in tana farke tana iya haɗiya, a ba ta rabin kofin lemo mai zaƙi, ko babban cokali ɗaya na suga a ruwa, ko ƙananan dabino uku. A jira minti 15 a sake awo. In bai haura 70 ba a maimaita. In ya hau, a bi da abinci mai riƙe ciki, burodi ko kunu da madara. In kuwa ta suma, kada a ɗura mata komai a baki, shaƙewa za ta yi. A kwantar da ita ta gefe a kira is'af, motar asibiti, 997 ko 911. Ruƙiyya alheri ce, a yi ta, amma hannu ɗaya na riƙe da waya.

Tsofaffi da yawa ba sa jin alamun farko. Abin da za ku gani shi ne faɗa ba dalili, ko sambatu, ko barcin da ba a saba ba. Duk ranar da halinta ya canza farat ɗaya, a auna kafin a yi fassara.

Maman Rayyan:
Na gode Anti. To in na riga na yi allurar ta ƙi ci fa? Nan ne nake shiga tashin hankali, don in na matsa mata kuka take sa mini.

Ummu Ayman:
Ki juya tsarin. Abinci ya sauka daga wuta, ta gan shi, ta ce za ta ci, sannan allura. Irin wannan allurar ana yin ta kamar rabin awa kafin ci, to cikin rabin awar nan kada a aike ki ko'ina. In duk da haka ta ture, ranar ba ranar wa'azin alkama da ganye ba ce. Ki ba ta duk abin da za ta karɓa mai sitaci, kunun gyaɗa, fura marar suga, burodin tamis da madara, ki riƙa awo akai-akai. Sannan ki gaya wa likita ƙarara cewa cin ta ba shi da tabbas, domin akwai nau'in insulin da ake yi daidai lokacin cin abinci, har ma da zarar an gama, ya fi dacewa da tsoho mai irin wannan hali.

Ki riƙa canza wurin allura, ciki yatsu biyu nesa da cibiya, cinya, bayan dantse. In aka nace wa wuri ɗaya yana yin ƙululu, su kuma suna son nan ɗin don ba ya zafi, alhali magani ba ya shiga daidai ta cikinsa: yau ya ƙi aiki, gobe ya zubo gaba ɗaya. Ki shafa cikinta da yatsu ki ji.

Abu Muhannad (direba, Jidda):
Ku ba ni dama in yi magana a madadin marasa lafiyar, tun da ni ma ina ciki, ƙwayar Glucophage nake sha. Goggo ta faɗi rabin gaskiya. Babu abin da ya kai ciwo kamar a zauna a faranti ɗaya, kowa na ɗibar kabsa, kai an ajiye maka ɗan kwano a gefe da dafaffen kabewa ba gishiri ba mai. Yara na kallonka. Ka miƙa hannu wajen dabino a ce "Baba!" da ƙarfi a gaban baƙi. Mutum zai yi shiru, amma wallahi yana fita zai tsaya a bufiya ya rama. Na san dattawa da ke ɓoye alewa a aljihun jallabiya saboda haka kawai.

A gidana abin bai daidaita ba sai da uwargida ta daina tukunya biyu. Kowa ya koma cin abu ɗaya: shinkafa ta ragu a faranti, salatin da miyar ganye suka ƙaru, lemon kwalba ya bar tallaja, wato firij, gaba ɗaya. Ba a hana ni tamis da ful ba, rabi nake ci maimakon guda. Babban ɓarawon ma ba abinci ba ne, shayi ne. Mu direbobi kofi nawa muke sha daga safe zuwa dare, kowanne da cokali uku? Ka tara ka gani. Da na koma marar suga, tarakumina ya sauko daga sama da 10 zuwa 7 da ɗan wani abu, ba tare da an ƙara mini ƙwaya ba.

Kuma Goggo, iyayenmu da suka tsufa da fura, da ƙafa suke zuwa gona su dawo. Mu nan daga mukayyif ɗin ɗaki sai na mota. Ƙasar nan kusan babba ɗaya cikin biyar ko shida yana da suga. Ba don wasa hukuma ta ɗora harajin kashi 50 cikin ɗari a kan lemon kwalba a 2017 ba, ta kuma faɗaɗa shi zuwa sauran abin sha mai zaƙi a ƙarshen 2019. Jikokin Inna da ke shan abin da baffanninsu ke kawowa, su ma layin suke bi.

Goggon Madina:
To ai ni ma ban ce a ɗura mata Vimto ba. Cewa na yi kada a mayar da ita fursuna a ɗakin ɗanta.

Malam na Jarwal:
Jama'a kun tafi wajen Bature kun bar abin da Allah Ya hore mana. Garafuni yana nan, hulba tana nan, zogale, shuwaka, kirfa, habbatus sauda. Akwai wanda na sani ya lizimci jiƙon hulba da garafuni da safe, da zuma cokali ɗaya, da Zamzam, yau ya ajiye allura. Ita allurar nan in aka fara ta ba a dainawa, kuma ita ke kashe ƙoda. Ku duba masu wankin ƙoda, kusan duk masu allura ne. Maman Rayyan, in kina so zan kwatanta miki yadda ake haɗin.

Ummu Ayman:
Malam, da girmamawa, a nan kam ba zan yi shiru ba. Masu wankin ƙoda da kake gani da allura, sugan ne ya ci ƙodar shekara da shekaru, sai da ɓarna ta yi nisa aka yarda aka karɓi allurar da aka daɗe ana gudu. Insulin abu ne da jikin kowa ke yi, ni da kai yanzu haka yana yawo a jininmu. Nata ne ya gaza ake cika mata.

Hulba da zogale abinci ne, a ci a miya, a sha a shayi, ban hana ba. Amma ka lura da matar da ake magana a kanta: sugan ta faɗuwa yake yi da asuba. In aka ƙara mata jiƙon garafuni a kan allura, ba wanda ya san ƙarfin abin da ke cikin kofin, ƙasa za a ƙara tura ta. Zuma kuma tana ɗaga suga, na'ura ba ta bambanta ta da na kanti. Wanda ka ce ya ajiye allura, ka roƙe shi ya je a yi masa tarakumi, shi ne awon da ke nuna matsakaicin wata uku. Rashin jin ciwo ba shaida ba ce a wannan cuta. Wanda kuma yake da nau'in farko, irin na yara da matasa, in ya ajiye allura kwanaki kaɗan ne a kwashe shi zuwa ɗawari, sashen gaggawa na asibiti.

Malam na Jarwal:
Ni dai na faɗi abin da na gani da idona. Waraka ta Allah ce.

Abu Muhannad:
Ta Allah ce Malam, ba mai musu. Shi ya sa ma na'urar awo take da amfani: a sha haɗin a auna, a bari a auna, magana ta ƙare ba gardama.

Yaya Hajara (Hindawiyya):
Duk kun manta da ƙafa. Maman Rayyan, yaushe rabon ki ɗaga ƙafar Inna ki duba tafinta?

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, daga sallar Azahar ya fito bai ga takalminsa ba, ya ce gida ba nisa, ya tako kwalta haka nan. Ya shigo yana ta hira, ko a jikinsa. Sai da ƙanwata ta ga sawun jini-jini a kan tayil muka zaunar da shi, tafin duk ya saluɓe. Bai ji komai ba, jijiyoyin sun riga sun mutu. Aka yi ta shafa man kaɗanya da zuma a gida, shi yana cewa ba ciwo, mu kuma ana tsoron zuwa asibiti saboda igamarsa, takardar izinin zama, ta ƙare. Ranar da ɗakin ya fara wari aka tafi. Yatsu biyu aka fara cirewa.

Tun daga nan na zama mai gadin ƙafa a danginmu. Kullum bayan Isha a duba tafi da dunduniya da tsakanin yatsu, da fitilar waya in ɗakin ba haske. Ruwan wanka ke za ki taɓa da gwiwar hannunki, kada ki bar ta ta gwada da ƙafa. A tsane tsakanin yatsu bayan alwala, nan ne yake fara ruɓewa. A shafa mai a kaushi da faso, amma ban da tsakanin yatsun. Farce a yanke shi a miƙe, ba a bin kwana da reza. A zazzage takalmi kafin ta sa. Farar safa ta fi, ko ɗigo ne ya fita za ki gani. Kasko na turaren wuta a nisanta shi da ƙafarta. Lalle kuma, na san tsofaffinmu da son sa, amma in ya rufe tafin ya yi baƙi ba za ki gane ja ko ƙuna ba, ki lallashe ta a tsaya a hannu.

In za ku Harami, farin marmaran wajen ɗawafi ba ya ɗaukar zafi, matsalar a waje take. Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, ku ƙiyasta yadda kwalta take a irin ranar. Takalmi a jaka a rataye a kafaɗa, ita kuma mace ce, ta sa safarta mai kauri ta yi ɗawafinta.

Ummu Ayman:
Yaya Hajara ta gama magana. Ƙari ɗaya: gyambo a ƙafar mai suga, in ya yi ja a kewaye, ko kumburi, ko wari, ko baƙi, ranar ake zuwa asibiti ba gobe ba. Kuma ko ba ta kuka da ido, a kai ta a duba bayan idon sau ɗaya a shekara.

Baban Hisham:
Salamu alaikum. Ina cikin zauren nan, kuma ni ne ƙanin maigidan da ake magana. Ban so a kawo zancen gidanmu nan ba, amma tun da an kawo, a ji nawa ɓangaren. Uwata ce. Ita take kirana a waya ta ce Auta, masub nake sha'awa. In ce mata me? In shigo mata hannu rabbana ranar Juma'a? Ina aiki daga safe har dare, kwana ɗaya nake da shi a mako, abin da zan iya faranta mata da shi ke nan. Maganar iska kuma, wanda ya ga yadda take a ranar ba zai ga laifina ba, ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga alamar faɗuwar suga. Matar Yaya tana ƙoƙari, ban musa ba, amma ita ma ba ta yi mana bayani, sai dai ka ga an ɗauke leda an shige kicin da ita ana ɓata rai.

Maman Rayyan:
Baban Hisham, ban ambaci sunan kowa ba, kuma ban zo tonon asiri ba. Amma tun da ka fito: ranar Asabar da sassafe in na auna na ga 340, kana wajen aikinka. Daren da take tashi fitsari sau biyar ina riƙe da ita zuwa banɗaki, kana barci. Bayanin da kake so, littafin yana kan tallaja, kowane awo da ranarsa, ba wanda ya taɓa buɗawa.

Kawu (mai kula da zaure):
To ya isa haka, kowa ya sassauta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma duk wanda ya karanta ya san a kan wa yoyon yake zuba. Baban Hisham, kai ɗana ne, zan gaya maka a gaban jama'a: matar yayanka taimako take yi, wajibin a kanku yake ku da kuka sha nono. Kana son ka shigo da leda? Sharayiɗ ɗin na'urar awo, 'yan fallayen da ake ɗiga jini a kai, kuɗi ne, kuma ƙarewa suke yi. Ta'aminin kamfani, wato inshorar lafiya, yana ɗaukar mata da 'ya'ya, ba ya ɗaukar uwa, to wa ke biyan allura da sirinji? Ka shigo da waɗannan, da kifi, da takalmi mai laushi. Masub ɗin ma ba a ce haram ba ne: ka sayo ƙarami, ka ce kada a zuba zuma da kirim, ku ci tare cokali kaɗan da rana, a rage mata shinkafar ranar, a auna bayan awa biyu ka gani da idonka.

Abin da na fi so ku yi shi ne ku zauna ku huɗun ku raba kwana. Kowannenku ya koyi awo da allura, har da matanku. Yarinyar nan in zazzaɓi ya kwantar da ita gobe, wa zai yi wa Inna allurar yamma? Ita ma tana da iyaye da take son ziyarta. Ku kuma tambaya a markaz, ƙaramin asibitin unguwarku, ko Inna ta cancanci shirin kula da marasa lafiya a gida, wanda ma'aikata ke zuwa su duba tsofaffi.

Baban Hisham:
Na ji Kawu. Daren Alhamis da yinin Juma'a zan iya. Allura dai hannuna rawa yake yi, sai an koya mini. Sauran kuma Yaya ne babba, shi zai tara su.

Malam Abu Sumayya (malamin Islamiyya, Rusaifa):
Saura maganar azumi. Tsofaffinmu suna ganin shan azumi a Makka abin kunya ne, shi ya sa in matar ɗa ce ta faɗa ba za ta karɓu ba. A samo malamin da take ganin girmansa ya zo har ɗaki. Ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara a fili suke game da marar lafiya da wanda azumi ke yi wa tsananin wahala. Wanda likita amintacce ya ce azumi zai cutar da shi, kuma ciwon ba mai warkewa ba ne, ciyarwa zai yi, miskini ɗaya a madadin kowace rana. Malaman nan suna cewa rabin sa'i, wajen kilo ɗaya da rabi na shinkafa, a littattafanmu na Malikiyya kuma mudun Annabi ɗaya ne. Ku ba ta shinkafar ta miƙa da hannunta, ku kai ta tarawihi a keke in tana so, kada ta ji an fitar da ita daga watan.

Abu Muhannad:
Ni ina yi, amma sai na je wajen likita tun a Sha'aban ya gyara mini lokutan ƙwaya. Na'ura tana cikin mota. An gaya mini in na ga ƙasa da 70 ko sama da 300 in karya nan take, ko saura minti goma a kira Magariba. Tsinken awo a yatsa ba ya karya azumi, na tambaya. Wahalar ma ba yinin ba ne, teburin buɗa baki ne: sobiya, luƙaimat, sambusa, Vimto, mutum ya rama na yini guda cikin rabin awa.

Ummu Ayman:
Kai da Inna ba ɗaya ba ne, Abu Muhannad. Ƙwayarka ita kaɗai ba kasafai take kayar da suga ba. Mai shekara saba'in da wani abu, mai allura gauraye sau biyu, wadda ta faɗi har ta rikice kwanan nan, tana cikin waɗanda likitoci ke cewa kada su yi. Masu shan ƙwayar Daonil ko Diamicron su ma su je a duba su kafin wata ya kama, waɗannan suna kayarwa. Ga tsoho ma ba a matsa wa sai tarakumi ya sauka ƙasa da 7 kamar na matashi, likita kan bar shi wajen 8 don gudun irin abin da ya faru da asubar nan. Wannan ya kamata ya ɗan kwantar wa Goggo da hankali.

Goggon Madina:
Ato. Ashe dai maganata ba ta faɗi ƙasa ba.

Ɗan Mai Wurno (Sudan):
Ina bin ku tun ɗazu, sai yanzu intanet ta bar ni. Ku kuna rigimar abin da za a ci, mu nan tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 rigimarmu inda za a sami allurar ce da inda za a ajiye ta. Ɗiyar yayana shekararta goma sha biyu, nau'in farko gare ta. Wuta sai ta yi kwanaki ba ta zo ba, tallaja ta zama akwati. Uwarta tana sa kwalbar a leda ta ɗaure, ta sa cikin ƙaramin tulu, tulun cikin babba, yashi mai laima a tsakani, a inuwa inda iska ke bi. Anti Ummu Ayman, hakan yana yi? Wasu sun ce in ta kwana ɗaya ba sanyi ta lalace a zubar, mu kuma ba mu da ta zubarwa. Sannan akwai ɗan uwanmu da zai taso daga Jidda, muna so ya riƙo mana.

Ummu Ayman:
Allah Ya kawo muku sauƙi, ɗan uwa. Kada ku zubar. Dabarar tulun tana yi, ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke sanyaya cikin, a dai riƙa jiƙa yashin kuma kada ruwa ya taɓa bakin kwalbar. Ƙa'idar kamfani ita ce wadda ba a buɗe ba ta zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8, wadda aka buɗe kuma ta yi kamar mako huɗu a zafin ɗaki. Ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba sun fitar da bincike a 2021, sun gwada insulin a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, irin na wani sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, suka ga ta riƙe ƙarfinta har mako huɗun. Abin da ke kashe ta shi ne rana kai tsaye, da cikin mota a rufe, da daskarewa. Mai garai-garai in ta yi gajimare, ko mai farin ruwa in ta yi gudaji ta ƙi haɗewa bayan an murza, wannan kam ta tafi. Yarinyar kuma ko ba ta da lafiya ba ta cin abinci, kada a tsayar mata da allura gaba ɗaya. In ta fara amai da numfashi sama-sama, a nemi asibiti ko ta halin ƙaƙa.

Mai tahowa daga Jidda, ko ta jirgin sama zuwa Bur Sudan ko ta ruwa zuwa Sawakin, ya riƙe ta a jakar hannu tare da takardar likita, kada ta shiga cikin manyan kaya. In zai sa ƙanƙara, ya naɗe kwalaben da tawul kada su jingina da ita. Ku turo masa hoton kwalbar da take amfani da ita don ya sayo irinta sak, ku kuma duba lambar ƙarfin maganin da ke jiki: ta nan 100 ce, in sirinjin da ke hannunku na 40 ne, adadin zai ninka fiye da sau biyu. Ya haɗo da sirinjinta da sharayiɗ masu shiga na'urarku.

Ɗan Mai Wurno:
Madalla. Zan je gidan yayan nawa bayan La'asar in ɗauko hoton kwalbar da na sirinjin, in intanet ta tsaya zan turo nan ki duba mana kafin ya saya.